Wake Ashirin da Takwas a Ƙahon Kalilu Wanzam

Mahaifina Kalilu wanzami ne a Sandamu, kuma ba na jin akwai jaririn da aka haifa a unguwarmu cikin shekara talatin da bai leƙa bakinsa ba. Ranar suna shi ke aske gashin haihuwa, shi ke cire beli, in gidan masu tsaga ne shi ke tsagawa. Manya kuma su zo aski ko ƙaho, ko su kawo haƙorin da ya hana su sakat ya fizge musu shi. Gajere ne, siriri, ga ƙananan hannuwa, har abokan wasansa na cewa da mace aka yi shi da ya yi suna a kitso. Kullum zabirarsa na rataye a kafaɗa, ko da ta'aziyya za shi. Abu biyu yake taƙama da su, kuma bai taɓa jin nauyin faɗa ba: hannunsa ba ya rawa, lissafin kwana kuma ba ya ɓace masa. In mace ta haihu Talata ba sai an aika masa ba, wata Talatar da sassafe za a ji sallamarsa a zaure.

To mutumin nan mai gyara bakin kowa, sai Allah ya ba shi ni.

Ni ce Maijidda, 'yarsa ta uku. Muƙamuƙina na sama a tsuke ya zo. Haƙoran sama, maimakon su rufe na ƙasa, sai suka shige ciki, turame ba sa haɗuwa, na gaba kuma suka hau juna don ba su da wurin tsayawa. Ta baki nake numfashi, don haka kullum bakina a buɗe yake. Na kai shekara tara ban taɓa tauna nama ba, sai dai in tsotsa in tofar, ko in rufe ido in haɗiye. Yaran unguwa suka sa mini suna Hangame, har ya bi ni makaranta. In na ɗan kwanta da rana, munsharin da nake yi sai baƙo ya tambaya wane tsoho ne ba shi da lafiya a gidan. Yanzu ina ba da labarin da dariya, amma a lokacin abin ya ci mini rai ƙwarai. Na daina zuwa dandali, a aji kuma can baya nake zama.

Mutane ba su rasa abin faɗa ba. Wasu suka ce belin ne bai fita duka ba, wato dai Kalilu ya yi wa 'ya'yan kowa aiki mai kyau ya zo kan tasa ya yi ha'inci. Maganar ta iso kunnensa. Wata rana da hantsi ya zaunar da ni a tsakar gida, ya juya fuskata wajen rana, ya daɗe yana duba ganɗata, yana aunawa da ɗan yatsa. Sannan ya goge hannu ya ce wa innata, Rahmatu, "Wannan ba aikin aska ba ne. Ɗakin ne ya yi wa haƙoran kaɗan. Ni kuwa yanka na iya, ban iya gini ba." Bai faɗa da baƙin ciki ba. Haka yake, abin da ya iya zai gaya maka, abin da bai iya ba ma zai gaya maka da murya iri ɗaya.

A shekarar 1975 kuɗin Udoji ya faɗo wa ma'aikata. Kowa ya haukace da sayayya, rediyo, agogo, babur, har da waɗanda suka sayi firji alhali garinsu ba lantarki. Baffa Jafaru, ƙanen Baba, direba ne a wata ma'aikata a Kano. Ya zo gida farkon damina, muna ta leƙen ƙofa mu ga babur, sai ga shi a ƙafa. Ya ce wa Baba akwai wani likitan haƙori Bamisire a Kano da ke faɗaɗa bakin yara da ƙarfe, ya ga aikinsa a bakin ɗan maigidansu. Ya dafa kaina ya ce, "Ga babur ɗina nan, Yaya, a bakinta zan kashe kuɗin. Shirya ta mu tafi."

Zuwan farko, likitan ya cika mini baki da wani abu mai laushi kamar ƙullun alkama, ya ɗauki siffar haƙorana. Bayan mako biyu muka koma, ranar Juma'a da safe. Abin da ya fito da shi bai kai tafin hannuna ba: zobba huɗu na ƙarfe da za a maƙala a turamen sama, biyu dama biyu hagu, an haɗa su da wata 'yar gada da ke kwanciya a ƙarƙashin ganɗa. A tsakiyar gadar akwai ɗan noti mai ƙaramin rami. Sai makulli, siriri kamar allurar ɗinki, wanda ake zurawa a ramin a tura baya. Kowace turawa ɗaya tana raba gefen biyu da abin da bai kai kaurin farce ba.

Da ya gama maƙala mini, sai ya fara bayani, wani malamin asibiti yana fassarawa. Murɗawa ɗaya kullum, kwana ashirin da takwas, sannan a tsaya cak, a bar ƙarfen a baki wata biyar ƙashi ya cike. In aka wuce adadin, haƙoran sama za su tsallake na ƙasa su faɗa waje, a koma gidan jiya ko ma abin da ya fi shi muni. Ya ƙara da cewa haƙoran gaba biyu za su rabu, kada a tsorata, alama ce aiki na tafiya, kuma da kansu za su koma su haɗe. Daga nan ya dubi Baba, ya dubi zabirar, ya tambaya ko akwai ma'aikacin asibiti kusa da mu da zai riƙa murɗawar, domin aikin na son hannu mai natsuwa.

Baba ya ce wa mai fassara, "Gaya masa bakin ɗan kwana bakwai nake sa wa ƙarfe, bakin da bai kai ramin dara ba, yana kuka yana wutsil-wutsil. Wannan kuwa ta girma, in na ce ta tsaya za ta tsaya. Ya ba ni in gwada a gabansa."

Kafin ya karɓi makullin sai da ya zaro zare daga zabira, ya ɗaure gindinsa, ya naɗe ɗaya bakin zaren a wuyan hannunsa don kada ya suɓuce in haɗiye. Likitan ya ce abin da yake shirin faɗa ke nan. Baba ya zura, ya tura, ya zare, ko numfashi biyu ban yi ba. Bamisiren ya leƙa da 'yar fitilarsa, ya ɗago, ya miƙa masa hannu suka gaisa. A mota Baffa Jafaru ya yi ta maimaita labarin ga fasinjojin da ba su tambaye shi ba.

Baba bai yi boko ba, kalanda ba ta dame shi ba. Da muka iso gida ya ɗauko wani tsohon ƙaho da ya daina aiki da shi, ya ƙirga wake ashirin da takwas ya zuba a ciki. Ya ciro ɗaya ya jefa wa kaza, ya ce wannan na Kano ne. Ya toshe bakin ƙahon da tsumma, ya rataye shi a ƙusa a bakin ɗakinsa. Kullum in rana ta fito sosai yadda zai gani, sai in kwanta a tabarma in ɗora kai a cinyarsa, ya yi bisimilla, ya murɗa, ya jefa wa kaza wake ɗaya. Ba zafi ba ne sosai, wani nauyi ne nake ji a karan hanci da ƙarƙashin ido, ya ɗan jima ya sake ni. Abinci ya koma koko da kunu da fura. Maganata ta zama ta mai ruwa a baki, yayyena suna ta kwaikwayona, Inna tana kora su da muciya.

Wajen kwana na goma kakata, Iya Haulatu, uwar Baba, tana tsince shinkafa a ƙofar ɗakinta, na zo wucewa. Ta ce, "Ke, zo nan. Yi dariya in gani." Na yi. Ta ajiye faifan, ta kama haɓata, ta juya ni dama ta juya ni hagu, sai kawai ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Wushirya ce ta fito mini, siririya, tsaf a tsakiya.

Sai an san Iya za a gane guɗar nan. A zamanin 'yanmatancinta, Haulatu mai wushirya ake ce mata daga Sandamu har Dutsi, makaɗa sun sa ta a waƙa, kuma ba ta bari kowa ya manta ba. Ta haifi bakwai, ta ga jikoki sama da ashirin, babu ko ɗaya da ya gaje ta. Ita kanta haƙoran sun zube, saura 'yan uku a gefe, wushiryar ta zama fili. Yau ga abin ya dawo gidanta, a bakin jikar da ake kira Hangame. Ta daina ce mini "ke", ta koma ce mini "magajiyata".

Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari cewa Kalilu ya samo injin yin wushirya daga Kano. Mata suka yi ta shigowa wai sun zo gaida Iya, ido kuwa yana kan bakina. Wata maƙwabciyarmu Madina ta jawo 'yarta har gaban Baba, ta ce in an gama mini a ara musu injin ko na mako biyu ne. Kabo maƙeri ya zo da kansa, ya ce a bar shi ya duba da kyau, zai ƙera irinsa goma, shi ƙira Baba sawa, kafin kaka sun yi arziki. Baba yana wasa aska bai ko ɗago ba. Ya ce, "Kabo, ni murɗawa aka ba ni, ba a ba ni ilmin ba. 'Yar Madina haƙoranta lafiya lau suke tauna rake. In ɓata su don me? Wushiryar nan ma da kuke gani baƙuwa ce, za ta tafi." Ba wanda ya yarda. Suka ce rowa ce kawai.

Wadda ta fi kowa ƙin yarda ita ce Iya. Da yake Baba ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, sai dai "kai wannan". Ta ce, "Kai wannan, wane irin likita ne zai buɗe wushirya kuma ya rufe? In dai rufewa za ta yi, to a buɗa ta da yawa mana, ko ta koma sai ta bar saura. Ɗinki ma ai da rara ake yankansa." Baba ya ce ashirin da takwas aka ce. Ta ce Bamisire bai san kyau ba. Ya yi murmushi ya ɗauki zabira ya fita.

Ran nan Baba ya tafi suna wani ƙauye, na fito daga ɗaki na ga Iya a bakin ƙofarsa, ta yi ɗage, tana zura wake cikin ƙahon. Muka haɗa ido. Ta ɗora yatsa a leɓe. Ba ta zuba da yawa lokaci ɗaya ba, wayo gare ta, yau biyu, jibi uku, yadda nauyin ba zai nuna ba. Ni kuwa na ja bakina na yi shiru. Na ji abin da likita ya ce da kunnena, na san abin da zai faru in aka wuce. Amma a duk rayuwata ba a taɓa ce mini kyakkyawa ba sai a makonnin nan. Yaran da ke ce mini Hangame sun koma roƙona in yi musu dariya. Ina son wushiryar nan fiye da yadda nake son nama, kuma har yau in na tuna shirun da na yi sai na ji kunya.

Ranar wata Juma'a na shimfiɗa tabarma da kaina, na kwanta, na buɗe baki tun ba a ce ba. Baba ya sauko da ƙahon, ya girgiza shi a kunne, ya zare tsumman ya juye a tafin hannu. Wake tara. Ya dube su, ya dubi sama, ya ce, "Yau Juma'a." Ya lanƙwasa yatsu huɗu ɗaya bayan ɗaya. "Juma'a muka fara. Bakwai huɗu sun cika jiya Alhamis. Ƙahon nan ya kamata a ce babu komai a cikinsa." Ya dube ni. Hawaye ne kawai suka gangaro mini cikin kunne. Bai daka mini tsawa ba. Ya ce in tashi in biyo shi.

A ƙofar Iya ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya buɗe hannu ya nuna mata waken. Ita kuwa ko gezau.

"Ni na zuba," in ji ta. "Kuma na ce a ƙara. Kwana tara kawai. Kai wannan, ko ba ni na haife ka ba?"

Inna ta tsaya da taɓarya a hannu. Kowa ya san Baba bai taɓa ce wa Iya a'a ba. Ita ta zaɓa masa mata, ita ta hana shi tafiya Kano neman kuɗi lokacin da sa'o'insa ke tafiya, bai ko yi musu ba. Na tabbata a raina zai murɗa, kuma a karo na farko tsoro ya kama ni.

Ya ce, "Iya, ki duba tukuna." Ya jawo ni gabanta, ya ce in cije. Ya ɗaga leɓena ta gefe da ɗan yatsa. "Kin ga turamen nan? Na sama sun zauna a kan na ƙasa, kamar murfi a kan tukunyarsa. Wata ɗaya da ya wuce a ciki suke. In na ƙara tara za su faɗa waje. Ta koma tsotsar nama tana tofarwa, sai dai wannan karon da wushirya."

"Kai dai ka faɗa. Ka gani ne?"

"Ban gani ba. Wanda ya sani ne ya faɗa mini, kuma duk abin da ya faɗa ya zuwa yau ya tabbata." Ya kwance zaren daga wuyan hannunsa, ya ajiye makullin a kan zanenta. "Ban taɓa ƙin maganarki ba, Iya. Amma in na sa makullin nan a bakin yarinyar nan yau, hannuna zai yi rawa."

Na ga fuskar Iya ta sauya. Ita ta raine shi, ta san tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake riƙe aska, ta san da bakinsa bai taɓa furta wannan kalma ba, ko da wasa. Ga shi ya faɗe ta a tsakar gida, gaban matarsa da 'ya'yansa. Ta ɗauki makullin tana jujjuya shi. Ta dube ni, bakina a rufe, ina numfashi ta hanci ban ma lura ba.

Sai ta jefa masa makullin, ta miƙa hannu. "Ba ni wakena. Irin shuka ne, ba na kaji ba."

Wushiryar ta tafi kamar yadda aka ce. Ba rana ɗaya ba, a hankali, kullum in na duba madubin Inna sai in ga ta ƙara tsukewa, kafin a gama girbin gero babu ita. Na yi kuka ba kaɗan ba. Matan unguwa suka yi ta jajanta wa Iya kamar an yi mata sata, Madina ta ce Kalilu ya ga samu ya ga rashi da hannunsa. Iya kuwa ta koma ce mini "ke". Ana saura mako guda Babbar Sallah muka koma Kano aka cire ƙarfen. Likitan ya auna, ya ce daidai, ko ɗigo bai wuce ba. Mai fassara ya gaya wa Baba, Baba ya ce, "Na sani."

Ya yi shekara ashirin bayan haka yana wanzanci, har idonsa ya raunana ya miƙa wa yayana zabirar. Ban sake jin ya ce hannunsa zai yi rawa ba, kuma ban taɓa ganin ya yi ba. Mutane da yawa suna tuna shi da askinsa da ƙahonsa. Ni kuwa in an ambace shi, ranar layyar shekarar nan ce ke fara zuwa mini.

An soya nama, an kai wa Iya kasonta a kwanon sha mai murfi, tsoka zalla, kamar kowace shekara, duk da kowa ya san sai dai ta tsotsa ta ba jikoki. Ta kira ni, ta zaɓi yanka mafi girma, mai ɗan tauri, ta sa mini a hannu, ta ce in ci a nan gabanta. Baba yana bakin ƙofa yana wanke wuƙa, ya yi kamar bai ga komai ba. Na sa a baki. Na tauna ta dama, na mayar hagu na tauna, na ji naman yana rabuwa a ƙarƙashin turamena, abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Na haɗiye ba tare da na rufe ido ba.

Iya ta juya wajen Inna ta ce, "Rahmatu, kin gani? Baki a rufe take ci." Ta goge ido da gefen mayafi, ta tura mini kwanon gaba ɗaya. "Shekara arba'in ina da wushirya, ba ta taɓa tauna mini komai ba. Ƙara wani, magajiyata."